Fom na miliyan 100, albashi na dubu 30: ko gwamnati ta koma ɗaukar nauyin jam'iyyu?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar da ita faɗan jam'iyya. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20. PDP ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Na buga lissafi, mai wannan albashin sai ya yi sama da shekara 270 bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa miliyan 100. Kuɗin fom kaɗai fa, ba a zo maganar fosta da motoci da deliget ba. Jam'iyyu suna cewa da kuɗin fom suke rayuwa. To me zai hana gwamnati ta ɗauki nauyinsu daga baitulmali, a hana su wannan ciniki, a kuma yi wa attajirai iyaka ta gaske kan abin da za su zuba?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Malam, da kuɗin wa? Da wanda ake bi shago shago ana karɓa a hannunmu? Asibitin unguwarmu sai ka sayi safar hannu da kanka kafin a duba maka mara lafiya, sannan a ce a ɗebi kuɗi a ba shugaban jam'iyya? Ni ban yarda ba. Wanda yake son mulki ya nema da aljihunsa.

Malamin Firamare: Alhaji, ai ko yanzu da kuɗinka ake yi, ba ka gani ne kawai. Wanda ya kashe biliyoyi ya hau kujera daga ina kake jin zai fanshe? Kwangilar titin da aka biya ba a yi ba, da ita aka biya bashin kamfen. Albashin shugaban ƙasa na shekara huɗu a hukumance bai kai kuɗin fom ɗin ba. Duk wanda ya saya ya san ba da albashi zai mayar ba.

Barista: Malam, abin da kake nema ba baƙo ba ne a ƙasar nan, an yi shi an bari. Sashe na 228 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya dama ta ware kuɗi duk shekara ta ba INEC, ita kuma ta raba wa jam'iyyu bisa adalci. Dokar zaɓe ta 2006 ta fayyace rabon: kashi 10 cikin 100 a raba daidai tsakanin duk jam'iyyu masu rajista, kashi 90 a raba gwargwadon kujerun da kowacce ke da su a Majalisar Tarayya. Kun ga inda matsalar take. PDP ce ke da rinjaye a lokacin, don haka kusan duka kuɗin gidanta yake komawa, ga shi kuma ita ce ba ta da buƙatarsa. Ɗan abin da ya rage kuma ya zama abin rayuwar jam'iyyun cikin jaka, waɗanda ofishinsu da shugabansu da sakatarensu duk suna cikin mota ɗaya. Da aka zo rubuta dokar 2010 sai aka cire tallafin baki ɗaya. Sashen kundin yana nan daram, majalisa ce kawai ta daina amfani da shi.

Ɗan Kwari: Ka ji ko! An gwada, jam'iyyu suka yi ta tsirowa don a ci banza. Magana ta ƙare.

Barista: Ba ta ƙare ba Alhaji, don lissafin bai goyi bayanka gaba ɗaya ba. Jam'iyyu uku aka shiga 1999 da su, PDP da APP da AD. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ƙarshen 2002, a shari'ar da su Balarabe Musa da Gani Fawehinmi suka yi da INEC kan sharuɗɗan rajista, shi ya sa aka shiga zaɓen 2003 da jam'iyyu 30. Amma yawan da ya fi kowanne, jam'iyyu 91 da 'yan takarar shugaban ƙasa 73, a 2019 aka yi shi, shekara tara bayan an daina ba da ko sisi. Har sai da INEC ta soke 74 cikin 92 da ake da su a Fabrairun 2020 aka bar 18. Ashe ke nan akwai wata kasuwar ban da tallafin gwamnati: ka yi rajista, ka jira saura mako biyu zaɓe, ka kira 'yan jarida ka ce ka janye wa wane, a sallame ka.

Baba Ɗan Taɓo: Barista ka fara daga 1999, ni bari in ja ku baya, don ina ganin yaran zauren nan ba su san an taɓa yin abin da Malam ke nema har ya wuce haka ba. A 1989 Babangida ya ƙi amincewa da ƙungiyoyin siyasar da suka nemi rajista, ya ƙirƙiri jam'iyyu biyu da hannunsa, SDP da NRC. Gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗin gudanarwa. Hujjarsa ita ce kada wani mai kuɗi ya ce shi ya kafa jam'iyya, kowa ya shigo a matsayin ɗan jam'iyya daidai da kowa. Me ya faru? Zaɓen fid da gwani na 1992 kuɗi ya yi ta yawo har gwamnatin ta soke shi ta haramta wa mutum 23 takara, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. Aka sake lale da tsarin da ake farawa daga mazaɓa, wa ya fito? Abiola da Bashir Tofa, attajirai biyu. Gine-ginen nan har yau wasu suna tsaye, wasu an mayar da su ofisoshin gwamnati. Ku je ku gani.

Malamin Firamare: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To a zamaninku na PRP da me aka yi? Ai ba da iska Rimi ya ci Kano a 1979 ba, Balarabe Musa ya ci Kaduna.

Baba Ɗan Taɓo: Ba da iska ba ɗana, da karo-karo. Mutum ya sayi katin jam'iyya da kuɗinsa, ya hau kekensa ya tafi taro a ƙauyen da ba nasa ba, matan unguwa su dafa abincin baƙi, tela ya ɗinka tuta bai karɓi komai ba. In an kama ɗan jam'iyya a yi ta zagayawa da hula har a haɗa kuɗin beli. Wannan tarbiyyar NEPU ce tun 1950, Malam Aminu ya same ta ya raine ta. Ban ce ba masu kuɗi a cikinmu ba, akwai 'yan kasuwar da suka ba da motoci da fetur. Amma wanda ya biya kuɗin kati yana da bakin da zai tashi a taro ya ce wa shugaba ƙarya kake. Yau shugaba ne ke biya maka kuɗin mota ka zo taron, da wane bakin za ka yi magana? Kuma kada ku ɗauka na farko waliyyai ne. Tun 1956 aka kafa kwamitin Foster-Sutton kan kuɗin gwamnatin yankin Gabas da aka zuba a bankin da ke da alaƙa da Azikiwe, a 1962 kwamitin Coker ya binciki yadda kuɗin hukumar cinikin amfanin gona ta Yamma ya bi ta wani kamfani ya shiga jam'iyyar Action Group. Ciwon ya girmi yawancinku.

Tsohon Kansila: Ina ta karantawa ina dariya, don duk kuna maganar jam'iyya, alhali jam'iyya ba ita ke kashe kuɗin ba. Ɗan takara ne. Ni na tsaya a ƙasa na kuma yi wa na sama aiki, bari in gaya muku inda kuɗi ke tafiya.

Kafin ma a buga gangar siyasa ka fara. Asuba ta gari ƙofar gidanka cike: mai takardar asibiti, mai haihuwa, mai kuɗin jarrabawar ɗa, matasan da ke son rigunan ƙwallo, kwamitin masallacin da ke neman kwano. Ba wanda za ka ce wa babu. Ka ce babu sau ɗaya, kafin la'asar labari ya zagaye mazaɓa cewa hannunka ba ya miƙuwa. Sai shugabannin jam'iyya na mazaɓa, kowace salla da azumi akwai nasu, shekara huɗu kana kiwonsu saboda rana ɗaya. Sai sojojin baka, ka biya su ka kuma biya gidan rediyo. Sai yaran da za su raka ka, waɗanda in ba ka ɗauke su ba abokin hamayyarka zai ɗauka su tarwatsa maka taro.

Duk wannan share fage ne. Babban ramin shi ne daren zaɓen fid da gwani. A kwashe deliget a kai su otal, a karɓe wayoyinsu, a sa mai gadi a ƙofa, don kada na wancan ɓangaren ya shigo cikin dare ya ƙara farashi. Wasu har da rantsuwa ake sa su. Duk da haka gari ya waye ka ga wanda ya rantse maka ya karɓi na mutum uku. Kun tuna a 2022 jaridu suka yi ta ba da labarin 'yan takarar da suka faɗi suka aika a karɓo musu kuɗinsu daga hannun deliget, har a Kaduna. To ku gaya min, wane tallafin INEC ne zai shiga ɗakin otal ɗin nan?

Barista: Honarabul ya taɓo inda ke ciwo. Kuma a 2022 doka ce da kanta ta ƙara wa deliget tsada. Sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 ya manta da deliget na dindindin, wato masu riƙe da muƙamai da tsofaffin zaɓaɓɓu. Majalisa ta yi gyara cikin gaggawa, Buhari bai sa hannu ba kafin zaɓukan. Sai ya zama mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ne ke zaɓar wa PDP ɗan takara, mutum uku uku kuma a APC. Ƙananan hukumomi 774 ne, ku buga. Atiku ya ci da ƙuri'a 371, Wike 237. Tinubu ya ci da 1,271. Ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93, mutanen da ba su cika 4,000 ba suka tace mata manyan 'yan takara biyu. In masu sayarwa kaɗan ne, masu saye kuma suna da daloli, kowa ya san yadda farashi zai kasance. Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar PDP yana kukan cewa kuɗi ya mamaye abin, Peter Obi kuma ya fice kwanaki kaɗan kafin taron.

Ɗalibin Jami'a: To a koma 'yar tinƙe mana, kowane ɗan jam'iyya ya fito ya bi layi. Ba wanda zai iya sayen miliyoyin mutane.

Tsohon Kansila: Yaro, wa ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya? Gwamna. Wa ke rubuta sakamakon? Wanda gwamna ya naɗa. An yi 'yar tinƙen da aka sanar da miliyoyin ƙuri'u alhali a mazaɓarmu ba a ga layi ba. Kuma in da gaske za a yi, tsadarta ta fi, don zaɓen gama-gari ne sau biyu.

Hajiya Shugabar Mata: Ni a bar ni in yi maganar ranar zaɓe, don mu mata a kanmu ake sauke laifin. Kullum a ce mata sun sayar da ƙuri'a da taliya da sabulu. Kun taɓa tsayawa a layin mata? Matar da ta fito tun bakwai na safe da goyo, ba ta ɗora tukunya ba, ta san daga yau ba za ta sake ganin ɗan takarar nan ba sai bayan shekara huɗu. Wata na zaune a soron wani gida kusa da akwati da buhu da littafi, an rubuta sunaye tun jiya. Ki dangwala, ki ɗan karkata takardar yadda wakilinsu zai hango, ki zagaya ki karɓi naki. A wurinta wannan turmin atamfar shi ne kaɗai abin da ta tabbatar zai shigo hannunta daga gwamnatin da za a kafa. Ban ce daidai ba ne. Amma mai cewa "ku karɓi kuɗinsu ku zaɓi cancanta" bai san cewa wadda ta ba ki maƙwabciyarki ce ba, kuma gobe a gidan suna za ku haɗu.

A 2023 aka ce an canza kuɗi don a hana sayen ƙuri'a. Mu muka kwana a layin banki da wurin masu POS, mai ɗari biyar ta gagare mu. Su kuwa suka koma kayan abinci da atamfa da tiransifa, wasu har da alkawarin a zo a karɓa bayan kwana biyu. Ƙarancin kuɗin ma sai ya sa ƙuri'a ta yi araha, don wadda ta yi sati ba ta riƙe sabuwar dubu ɗaya ba, in ta gan ta a ranar ba ta tsaya ciniki.

Ɗan Kwari: Hajiya gaskiya kika faɗa. Mu a kasuwa mun ga yadda dilolin atamfa suka yi ta fita a makonnin nan, ba kuma biki ake ba.

Ɗan Jagaliya Mai Ritaya: Duk wannan PDP ce ta koya wa mutane. A Disambar 2014 a dare ɗaya aka tara wa Jonathan sama da naira biliyan 21 a fadar shugaban ƙasa, alhali doka ta ce biliyan 1 ne iyaka.

Ɗalibin Jami'a: Motocin ɗaukar kuɗi na banki da aka gani suna shiga gidan Tinubu a Legas a jajibirin zaɓen 2019 fa? PDP ce ta aika su? Shi da bakinsa ya ce kuɗinsa ne. Kuma Buharin da ya ce da bashin banki ya sayi fom na miliyan 27.5 a 2014, a gabansa jam'iyyarsa ta kai shi miliyan 100.

Shugaban Zaure: Ku biyun ku dakata. Mai tambaya ya roƙi kada a mayar da ita faɗan jam'iyya. Kowa ya faɗi nasa an ji, a koma kan magana.

Barista: Misalan nan biyu ma suna da amfani, don sun nuna ramukan dokar. Da aka yi surutu kan biliyan 21, amsar da aka bayar ita ce ai na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Iyakar da aka sa ta hau kan ɗan takara, abin da "magoya baya" da "abokai" suka kashe ba ya shiga lissafinsa. Dokar 2022 ta ɗaga iyakar: shugaban ƙasa daga biliyan 1 zuwa 5, gwamna daga miliyan 200 zuwa biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, na jiha miliyan 30. Gudummawar mutum ɗaya daga miliyan 1 ta koma miliyan 50. Hukuncin da dokar 2022 ɗin ta sa wa wanda ya ƙetare kuwa tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Wato mai neman shugaban ƙasa tararsa miliyan 50, rabin kuɗin fom. Sayen ƙuri'a ta sa masa tarar da ba ta wuce 500,000 ba ko wata 12 ko duka biyun, mai bayarwa da mai karɓa. Jam'iyya kuma ta kai wa INEC rahoton masu ba ta gudummawa cikin wata uku, da na abin da ta kashe cikin wata shida. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta. A takarda ba abin da muka rasa. Amma ina ƙalubalantar zauren nan, a kawo min sunan gwamna ko sanata ɗaya da aka ɗaure saboda ya wuce iyakar kashe kuɗi.

Sannan ita kanta iyakar akwai wasa a cikinta. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan. A ƙaddara wakili ɗaya tak ka sa a kowace rumfa ka ba shi 10,000, ka kashe kusan biliyan 1.8, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da dokar 2022 ta yarda maka, a yini guda. Ba ka ɗauki jirgi ba, ba ka buga fosta ba. Dokar da kowa ya san sai an karya ta, ba wanda ke jin kunyar karya ta.

Na Amurka: Salam daga nan. Kada a ɗauka Turawa sun gama da wannan. Bayan badaƙalar Watergate, a 1974 Amurka ta kafa tsarin ba 'yan takarar shugaban ƙasa kuɗin gwamnati, da sharaɗin wanda ya karɓa ba zai wuce iyaka ba. Kuɗin daga masu biyan haraji yake, akwai gurbi a takardar haraji da za ka amince a ware dala 3. Ya yi aiki kusan shekara talatin. A 2008 McCain, wanda ya kara da Obama, ya karɓi dala miliyan 84, Obama ya ce ba ya so, ya tara sama da miliyan 700 da kansa. Daga nan manyan 'yan takara suka daina waiwayar asusun. A 2010 kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United ta ce ba za a hana kamfanoni da ƙungiyoyi kashe ko nawa ba muddin ba hannun ɗan takara suka ba. Inda abin ke ɗan tafiya a birane ne. A New York in mazaunin birni ya ba ɗan takara ƙaramar gudummawa, birnin na ƙara masa ninki takwas, sai ya zama gara ka bi gidaje ɗari da ka bi attajiri ɗaya. A Seattle kuma tun 2017 ana aika wa mazauna takardu huɗu na dala 25 kowacce, ka ba ɗan takarar da ka ga dama.

Na Maraɗi: Mu nan Nijar dokar jam'iyyu ta 2010 ta ware kashi 0.30 cikin 100 na kuɗɗin haraji don jam'iyyu, amma hakan bai hana manyan 'yan kasuwa zama su ne gatan kowace jam'iyya ba, kuma mai neman shugaban ƙasa a 2020 sai da ya ajiye miliyan 25 na sefa. Yanzu ma wanga zance ya wuce, tunda soja sun rushe jam'iyyun a 2025. Abin da nike so ku duba Faransa ne. Can tun 1995 aka hana kamfanoni ba da ko tamma, gomnati ke maida ma ɗan takara wani kaso in ya samu kashi 5 na ƙuri'u. Sarkozy ya wuce iyaka a 2012, aka ƙi amincewa da lissafinshi, aka hana shi kuɗɗin, a 2021 kotu ta yanke mashi hukunci. Tsohon shugaban ƙasa fa. Tallafin yana da haƙora ne don akwai mai duba takardu da ba ya tsoron kowa.

Malamin Firamare: To na ji, kuma na sauko daga inda na fara. Kada a miƙa wa shugaban jam'iyya tsabar kuɗi. Amma ga wata shawara, ku sassaƙe ta. Gwamnati ta biya abubuwa, ba mutane ba. INEC ta biya wakilan jam'iyyun da suka kai wani mizani na ƙuri'u kai tsaye ta asusunsu, yadda take biyan masu yi wa ƙasa hidima. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati su ba kowane ɗan takara lokaci daidai kyauta. A sa wa kuɗin fom iyaka a doka. Sannan in za a ba da kuɗi, a ɗaure shi da kuɗin kati irin na zamanin su Baba: duk naira ɗaya da ɗan jam'iyya ya biya ta banki da sunansa, gwamnati ta ƙara wani abu. Na karanta a Jamus gwamnati ba ta ba jam'iyya fiye da abin da ta tara da kanta.

Ɗan Kwari: Malam, ni ɗan kasuwa ne, bari in nuna maka inda za a huda. Gwamna ya kira shugabannin ƙananan hukumomi, kowa ya kawo sunaye dubu goma, a tura wa kowane mutum dubu biyu, ya biya dubu ɗaya kuɗin kati ya riƙe dubu ɗaya. Gobe gwamnati ta ninka wa jam'iyyarsa. Ka ga ya sayi mutane, an kuma biya shi ladan saye. Gidan rediyon jiha kuma, wa ke naɗa shugabansa? Za a ba ɗan adawa lokacinsa, ƙarfe biyun dare.

Barista: Hujin na gaske ne Alhaji, sai dai wannan satar tana barin sawu. Tiransifa dubu goma daga asusu ɗaya a rana ɗaya abu ne da EFCC za ta gani in tana son gani, ba kamar jakar da aka shiga da ita otal ba. Shi ya sa ni a wurina kafin a yi maganar ko sisi, a fara da mai duba lissafin. Kwamitin Mai Shari'a Uwais da 'Yar'aduwa ya kafa ya faɗa tun 2008: a cire wa INEC wannan kaya, a kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe daban, da ta kula da jam'iyyu daban. INEC na fama da rajista da kayan zaɓe da ɗaruruwan shari'o'i, yaushe za ta bi rasit? Ƙudurin ya sha zuwa majalisa yana komawa. Waɗanda za su amince da shi su ne waɗanda za a fara bincika.

Hajiya Shugabar Mata: Ni maganar biyan wakilai ta fi kwanta min. Mace ko matashi da ya fito takara, an ce an yafe mata kuɗin fom, an rage wa matasa rabi, an sauke shekarun takara a 2018. Duk an yi. Amma ranar zaɓe ba ta da wanda zai tsaya mata a akwati har a ƙirga a sa hannu, nan ake cinye ta. Wakilin da ba a ba shi na abinci ba, ƙarfe biyu na rana ɗaya ɓangaren zai saya masa shinkafa, shi ke nan ya zama nasu.

Tsohon Kansila: Hajiya, ko INEC ta biya shi sai ɗan takara ya ƙara masa, don wancan zai ƙara wa nasa. Amma na yarda zai taimaki ƙaramin ɗan takara ya samu mutum a wurin, wanda yanzu ba ya samu. A Kano kaɗai rumfuna sun haura 11,000, wace ƙaramar jam'iyya ce za ta cike su? Abin da ban ji wani ya kawo maganinsa ba shi ne layin ƙofar gidana da asuba. Wannan ba ya cikin kowace doka, kuma ya fi fom ci.

Baba Ɗan Taɓo: Honarabul, layin nan takardar asibiti ce da kuɗin makaranta. Ku da kuka riƙe ƙaramar hukuma, da asibitin yana da magani da rabinsu ba su zo ba.

Tsohon Kansila: Ranka ya daɗe, kansila nake, ba gwamna ba. Kuɗin ƙaramar hukuma a jiha ake riƙe shi, albashi kawai muke gani. Wannan kuma wata muhawarar ce, in Shugaban Zaure ya yarda a buɗe ta daban.

Ɗalibin Jami'a: Barista, kafin a tashi. Rahoton da ka ce jam'iyyu na kai wa INEC bayan wata shida, ɗan ƙasa kamar ni zai iya neman ya gani?

Barista: Zai iya. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta buga shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu, INEC kuma ta ajiye shi inda jama'a za su duba a hedikwatarta da ofisoshinta na jihohi. In an hana ka, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta takarda, suna da kwana bakwai su amsa. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku rubuta wa ofishin jiharku, ku nemi na zaɓen gwamna na 2023. In kun tsara takardar ku turo min ta akwatin sirri in duba muku kafin ku kai, kuma ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku.